Diori Hamani a bakin dattawan Nakkasa

A nan Nakkasa, unguwarmu ta Hausawan Makka, na taso ina jin mahaifina da abokansa suna gardama kan Diori Hamani bayan sallar isha'i, ana kurɓar shayi. Baba mutumin Maraɗi ne, kuma ko kaɗan ba ya son a taɓa Diori.

An haifi Diori a Sudure, kusa da Yamai, a 1916. Malamin makaranta ne, har ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Faris. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta yaƙi aikin dole da Faransawa ke ɗora wa talakawa, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar Faransa.

Inda dattawan ke rabuwa shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya nemi 'yancin Nijar nan take, Diori ya zaɓi zama da Faransa tukuna. Ɓangaren Diori ya yi rinjaye, aka haramta Sawaba a 1959, Nijar ta sami 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, Diori ya zama shugabanta na farko.

Fari da yunwa suka raunana mulkinsa, Seyni Kountché ya kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974, aka kashe Aisa, matar Diori, a daren. Diori ya rasu a Rabat a 1989. Ranar da labarin ya iso mana, har 'yan Sawaban unguwarmu sun zo yi wa Baba ta'aziyya.