Saitin Gudun Furosesa a Kwamfutar Tebur da Laftof

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ana auna gudunta da gigahaz, wato bugun agogonta sau biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Lambar da ake gani a jikin kwali ko a takardar mai sayarwa ba ita ce gudun da na'urar ke yi kullum ba. Gudun yana hawa yana sauka gwargwadon aikin da ke gabanta, da zafin jikinta, da wutar da aka yarje mata ta sha. Saitin asali shi ne ƙa'idar da kamfani ya ɗora wa wannan hawa da sauka tun kafin mai saye ya taɓa komai.

A kan laftof aka fara wannan dabara, saboda batir. A shekarar 2000 kamfanin Intel ya fito da SpeedStep a furosesar Pentium III ta laftof, wadda ke rage gudu da zarar an zare caja. AMD ma ya kawo PowerNow! a shekarar. Sai daga baya abin ya iso kwamfutar tebur, ta hanyar Cool'n'Quiet a Athlon 64 ta AMD, da SpeedStep a wasu nau'o'in Pentium 4 a 2005. A 2008 Turbo Boost na Intel ya zo da akasin haka: furosesa ta zarce gudunta na yau da kullum muddin ba ta yi zafi ba. Dalilin rage gudun kuwa shi ne, yana ba da damar rage ƙarfin lantarkin da ke shiga furosesa, kuma idan aka rage su tare, shan wuta yana faɗuwa fiye da yadda gudun ya faɗi.

Tun daga Windows Vista, tsarin da ke zuwa a kunne a na'urorin biyu ɗaya ne, wato Balanced, mai barin furosesa ta sauka ƙasa sosai in babu aiki, ta hau har ƙarshe in aiki ya zo. Sai dai laftof tana da saiti kashi biyu, na lokacin da take kan caja da na lokacin da take kan batir, kuma na batirin ya fi tsumulmular wuta. Kwamfutar tebur kashi ɗaya gare ta. Babban bambancin ma ba a Windows yake ba, a kason wuta yake. Furosesar siririyar laftof yawanci wat 15 aka ware mata, ta babbar laftof wat 45, ta tebur kuwa wat 65 zuwa 125. Shi ya sa Core i5 ta laftof da Core i5 ta tebur suna ne kawai ya haɗa su. Ta laftof takan zabura na ɗan lokaci, sai zafi ya taru ta ja baya, ta tebur kuwa da ƙatuwar fankarta takan daɗe a sama.

A Unguwar Shanu, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, wannan ba zancen masana kaɗai ba ne. Inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, laftof kan shafe sa'o'i a kan batir, ke nan saitin da kamfani ya tanada don tafiya shi ne ya koma na zaman gida da shago. Kwamfutar tebur kuma, in ba an haɗa ta da na'urar riƙe wuta ta wayar USB ba, ba ta san ko wutar gwamnati take sha ko ta janareta ko ta inbata ba. Mai shagon buga takardu da ya mayar da ita kan tsarin High performance na Windows yana ƙarar da batirin solarsa ne a kan aikin da bai kai ya kawo ba, domin rubutu da cike fom ba sa buƙatar hakan.

Yanayi ma yana da hannu. Ƙurar hunturu takan toshe hanyar iska, sannan zafin Maris da Afrilu ya biyo baya. Yawancin furosesocin Intel sukan rage gudu da kansu idan zafinsu ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma babu saitin Windows da zai hana su. Haka kuma laftof ɗin Dell da yawa, waɗanda suka cika kasuwar gwanjo, suna tantance caja ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakinta. In cajar jabu ce ko ƙarfinta bai kai ba, sai su danne gudu, wani lokaci ma su ƙi cajin batir. Sau da yawa na'urar da ake cewa ta tsufa ko ta yi nauyi, abin da take buƙata bai wuce a kwance ta a kakkaɓe ƙura, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a kuma samo mata cajarta ta asali ba.