IN RAI YA DAƊE: SARAUTA DA GANDU A AREWACIN ZAMFARA

Babu gaisuwar da Bahaushe ya fi yi wa na gaba da shi kamar "ranka ya daɗe". Talaka ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa hakimi, hakimi kuma ya tuɓe takalmi ya faɗa wa sarki. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin da zai auku in Allah ya karɓi addu'ar nan ga kowa da kowa gaba ɗaya, har ya zama ɗan shekara ɗari bai isa a kira shi tsoho ba.

Maganar nan ta wuce tatsuniya. A 1950, in an kwatanta kwanakin mutanen duniya duka, tsaka-tsakinsu bai wuce shekara 46 ba. A 2019 ya kai wajen 73. A ƙasar Japan an ƙidaya masu shekara ɗari a 1963 aka sami mutum 153 kurum, a 2022 kuwa sun haura dubu 90. Wata mace Bafaranshiya, Jeanne Calment, an haife ta 1875, ba ta rasu ba sai 1997, watau shekararta 122, kuma har yanzu ba a tabbatar da wani wanda ya wuce ta a takarda ba. Masu binciken ilmi sun riga sun tsawaita kwanakin ɓeraye ta wajen rage musu abinci tun 1935, a 1993 kuma suka ninka kwanakin wata 'yar tsutsa ta wajen taɓa ƙwayar halittarta. Mutum dai ba tsutsa ba ne, rai kuwa na Allah ne. Duk da haka akwai masu tsammanin wata rana a kai 150.

To, wanda ya ke so ya gane yadda zaman jama'a zai kasance a ran nan, ba sai ya tafi Japan ba. Tarihin ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya ishe shi abin dubawa.

Tun farko ya kamata mai karatu ya fahimci lissafin nan na tsaka-tsaki, gama yana ruɗin mutane. An ce a Nijeriya a 1960 tsaka-tsakin kwanaki wajen shekara 37 ne, a shekarun 2020 kuma ya ɗan haura 50. Wannan ba ya nufin mutanen dā suna faɗuwa matattu da sun cika 37. Misali, a haifi yara biyu, ɗaya ya rasu kafin suna, ɗaya ya kai shekara 74. In an haɗa aka raba biyu, sai a ce 37. Tsofaffi akwai su tun dā, ba su da yawa ne kurum, domin agana da ƙyanda da zazzaɓi da yunwa su kan kwashe yara tun ba su yi wayo ba. Yunwar Kakalaba ta 1914 da marisuwa ta 1918 sun share gidaje. Agana kuwa masu lamba suka bi ta ƙauye ƙauye tun daga 1967, har aka ga ƙarshenta a Nijeriya a 1970, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Amma ba a gama da annoba ba. Sanƙarau da ya ɓarke a ƙasar Zurmi a ƙarshen 2016 ya bazu zuwa jihohi da yawa, ya kashe fiye da mutum dubu, yawancinsu yara.

Akwai kaburbura biyu na Sarakunan Musulmi a ƙasar nan. Na fari yana Katuru, cikin ƙasar Shinkafi, inda Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu ya rasu a 1842 yana komowa daga yaƙin Gobirawa. Na biyu yana Ƙauran Namoda, inda ajali ya riski Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba a 1891. Abin da ya gudana tsakanin kaburburan nan biyu shi ne ya fi kusa da maganar da a ke yi.

A gidan Shehu ba a bin ƙa'idar ɗa ya gaji uba kai tsaye. Masu zaɓe su kan duba manyan gida, su fifita wanda ya fi girma da kusanci ga Shehu. Bayan Atiku aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello, ya yi shekara 17, ya rasu 1859. Ɗansa Umaru a lokacin nan ya riga ya zama magidanci, amma iyaye suna nan da rai. Sai aka naɗa Ahmadu ɗan Atiku. Da ya rasu 1866 aka naɗa Aliyu Ƙarami ɗan Bello, ya yi shekara guda. Sa'an nan a 1867 aka koma baya ƙwarai, aka ɗauko Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu na cikinsa, alhali kuwa Shehu ya shekara 50 da rasuwa. Bayansa Abubakar na Raba ɗan Bello, 1873, bayansa Mu'azu ɗan Bello, 1877. Sai a 1881 kana sarauta ta gangaro wa Umaru. Shekara 22 ke nan yana jira, sarakuna biyar suka shige ta gabansa, uku ƙannen ubansa, ɗaya ɗan'uwan ubansa, ɗaya ƙanen kakansa. Ya hau gado ya riga ya haura hamsin.

Kowane cikin biyar ɗin nan ya hau ne da furfura, shi ya sa ba wanda ya daɗe. To, a ƙaddara likitocin zamanin nan sun ƙara wa kowannensu shekara 20. Da Umaru bai taɓa ɗanɗana sarauta ba, da 'ya'yansa ma sun tsufa a ƙofar fada. Ɗan sarki mai jiran gado kuwa, in jira ya yi tsawo, ba kullum ya ke jira da hannu biyu a naɗe ba. Kano ta ga haka. Sarki Abdullahi Maje Karofi ya yi kusan shekara 28 a kan gado, ya bar 'ya'ya masu yawa, da yawansu sun riƙe sarautu. Da aka tsallake su sau biyu, aka naɗa Tukur ɗan Bello a 1893, sai suka fita gari da Yusufu, aka yi Basasa.

Ɗaya gefen kuma ya bayyana a zamanin da ya biyo. Daga 1817 zuwa 1903 Sarakunan Musulmi 11 aka yi, kowane bai cika shekara 8 ba in an raba daidai. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku shi kaɗai ya yi shekara 50, daga 1938 zuwa 1988. Sarakuna bakwai da suka yi mulki daga 1859 zuwa 1902, in an tara zamaninsu duka, ba su kai nasa ba. Ya zauna da Razdan, ya ga mulkin kai a 1960, ya ga soja, ya ga an karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e. Daɗewarsa ta yi wa jama'a amfani, gama a kwanakin da kome ke jujjuyawa akwai fuska guda wadda ba ta sāke ba. Amma ran da ya rasu, galibin mutanen ƙasar ba su taɓa ganin an zaɓi Sarkin Musulmi ba. Aka naɗa Ibrahim Dasuƙi, aka yi tarzoma a Sakkwato har aka rasa rayuka. Ɗan Abubakar, Muhammadu Macciɗo, wanda ya daɗe yana Sarkin Kudu, bai hau ba sai 1996, yana wajen shekara 70. Turawa ma ba su tsira ba. Sarauniya Elizabeth, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, ta shekara 70 a kan gado, ɗanta Charles ya gaje ta a 2022 yana da shekara 73.

Wannan ta sarakuna ke nan, su kuwa kaɗan ne. Ta talaka ta fi nauyi, domin kowane gida yana da sarkinsa.

A al'adar noma ta ƙasar nan mai gida shi ke da gandu. 'Ya'yansa maza, ko sun yi aure, suna noma a ƙarƙashinsa, shi ke riƙe da rumbu, shi ke fid da hatsi, shi ke yi musu auren fari, zamanin haraji kuma shi ke biya musu. Ɗa ba shi da nasa sai 'yar gayauna, wadda ya kan taɓa da yamma ko ran hutu. Tsari ne mai kyau, ya ceci gidaje da yawa a shekarun fari. Amma an gina shi ne bisa sanin cewa mai gida ba zai wuce sittin ko saba'in da yawa ba, ɗa zai karɓi gona yana da sauran ƙarfin riƙe garma. Shari'a ba ta raba gado sai mai dukiya ya mutu. To, in mai gida zai kai 130, ɗan farinsa zai cika shekara ɗari yana ɗan gandu, yana zuwa gaida baba da safe don a auna masa dawa. Jika da tattaɓa-kunne kuwa ba su ma shiga lissafi ba. Akwai kuma wata ƙa'ida wadda alƙalai suka sani: wanda ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gadon kakan muddin akwai ɗa namiji da rai. Yadda kakanni suka ƙara daɗewa, haka irin jikokin nan za su ƙara yawa, sai fa in kaka ya yi kyauta da ransa ko ya yi wasiyya cikin sulusi.

Ba wanda zai yi jiran shekara ɗari. Ko yanzu ma ba a yi. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, samari suka gane ana iya samun sadaki ba ta hannun uba ba. Wasu suka shiga dako a tasha, wasu fatauci a kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis, wasu cin rani Kurmi. Tun daga nan gandu ya fara tsagewa tun uba yana raye. Gona kuma ba ta haihuwa. A ƙidayar 1952 zuwa 1953 mutanen Nijeriya duka wajen miliyan 30 ne, ga shi sun haura miliyan 200, Jihar Zamfara ita kaɗai ta haura miliyan 3 a ƙidayar 2006. Yawancin ƙarin nan daga yaran da suka tsira ne. In tsofaffi kuma suka daina tafiya, tsara biyar ko shida za su taru kan fadama guda, ga kuma makiyayi yana neman burtali. Mutanen Zurmi da Shinkafi ba su bukatar a kwatanta musu abin da rikicin gona da kiwo ya kan haifa, tun shekarun 2010 suna cikin wutarsa.

Sai maganar wa zai ci da wa. Zamanin En'e, in mutum ya tsufa ya gaza, malamin haraji ya kan cire sunansa daga takarda, ba a damu ba, gama irinsa ba su da yawa. Fansho ma haka aka ƙago shi. Jamus ta fara nata a 1889, ba a ba mutum sai ya cika 70, masu kaiwa can kuwa 'yan kaɗan ne. Ma'aikacin gwamnatin Nijeriya ya kan bar aiki in ya cika shekara 60, ko ya shekara 35 yana aiki. In zai kai 120, sai ya ci fansho shekara 60 a kan aikin shekara 35, babu baitulmalin da zai ɗauki wannan. Dole a ce ya zauna a kujerarsa har ya kai ɗari, sa'an nan yaron da ya fito makarantar Foliteknik ta Ƙaura ya rasa inda zai zauna. A Japan, inda kusan uku cikin goma sun haura 65, ana rufe makarantun ƙauye don rashin yara, ana neman masu jinyar tsofaffi daga waje. Tsawon rai dabam, tsawon lafiya dabam, kuma a ƙasar Hausa in tsoho ya kwanta, ɗawainiyar kan mata ta ke sauka.

Amma fa akwai riba wadda ba a sayenta da kuɗi. Tarihin Zamfara a bakin tsofaffi ya zauna. A Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, inda aka ce nan ne mazaunin Zamfarawa na fari, ana nuna manyan kaburbura, ana cewa na sarakunan farko ne, su Dakka, wai ƙatti ne. Labarin ya bi ta bakuna da yawa kafin ya kai takarda, kowane baki kuwa ya kan rage ya kan ƙara. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna da dattawan Anka ya rubuta jerin sarakuna, ya buga a 1959. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, masu neman tarihin Jihadi daga ko'ina sun yi ta zuwa zaurensa har ƙarshen ransa, daɗewarsa ta tsirar da abu mai yawa.

A ɗauki yaro ɗan shekara 10 a 1808, ran da jama'ar Shehu suka ci Alƙalawa, Namoda shugaban Alibawa yana cikin manyan yaƙin. In yaron nan zai kai 150, sai 1948 zai rasu. Da ya ga Bature Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, ya yi wa Atiku salla a Katuru, ya yi wa Umaru a Ƙaura, ya ji faɗuwar Sakkwato a 1903, ya kuma tsaya a tasha ya ga kan jirgi yana hayaƙi. Malamin makarantar dare ba ya bukatar littafi, sai ya aika a yi masa iso.

Sai dai tsohon nan ba abin daɗi kaɗai zai tuna ba. Zai tuna wanda ya ƙone garin wani, da gonar da aka ƙwace ran da masu ita suka gudu, da wanda aka kamo kakarsa a yaƙi aka kai kasuwa, gama ba a soke bauta sarai a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Zamfarawa da Gobirawa da Fulani da Katsinawa sun zauna unguwa guda, sun yi auratayya, domin waɗanda suka ga abin da idonsu sun kau, jikoki suka mai da shi wasan barkwanci. Shari'ar gona wadda alƙali ya kan kashe yau don babu sauran shaida, a ran nan mai ƙara zai tashi ya ce yana da shaida, ga shi zaune a zaure, da idonsa ya ga an kafa iyakar.