Tarihin Shirin SIWES a Najeriya

An kafa shirin SIWES, na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, a shekarar 1973 a ƙarƙashin Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta samar a 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos. Dalilin kafa shirin shi ne koken masu masana'antu cewa waɗanda suka kammala jami'a da kwalejin fasaha suna zuwa da takardar shaida, amma hannunsu bai taɓa injin ba.

Da farko ITF ce ke ɗaukar nauyin komai. Da nauyin kuɗin ya yi mata yawa sai ta janye, aka miƙa shirin ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ta ilimin fasaha, NBTE, a 1979, kafin a mayar mata da shi a 1984.

A ƙarƙashin shirin, ɗalibin jami'a kan yi wata shida a ma'aikata, yana rubuta aikin kowace rana a littafi, mai kula da shi yana sa hannu. Nan yake koyon zuwa aiki kan lokaci, ya san manya a fanninsa, wani ma a riƙe shi bayan kammala karatu. Abin takaici, wasu sukan nemi sa hannu kawai ba tare da halartar aikin ba, sai ranar ganawar neman aiki a tambaye su abin da suka iya su rasa amsa.