Walda ko Noti: Tarihin Ƙugiyar Tirela a Ƙasar Ummu Rakuba

Wanda ya bar birnin Gadarif ya nufi kudu maso gabas, kan hanyar da ta bi ta Doka ta dangana da Gallabat a bakin iyakar Habasha, in ya ratse daga kwalta ya shiga tsakanin 'yan duwatsu, zai iske gari wanda ake kira Ummu Rakuba, watau uwar rumfa, domin rakuba a Larabcin mutanen Sudan ita ce rumfar kara da ciyawa da ake kafawa don shan inuwa. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce, wadda da rani takan tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa cikin ramin, da damina kuwa, daga watan Yuni zuwa Oktoba, takan kumbura ta zama taɓo mai danƙo wanda in ya kama tayar mota ba ya sakinta da lalama. Lalle wanda bai san halin wannan ƙasa ba, ba zai gane dalilin da ya sa ɗan ƙaramin ƙarfen da ke haɗa mota da tirela ya zama abin muhawara tsakanin masu sana'a a nan ba.

A zamanin da ake kiran Gadarif da sunan Suƙ Abu Sin, bisa ga sunan gidan sarautar Larabawan Shukuriyya, kaya a bayan raƙumi da jaki suke tafiya, kuma abin da ke riƙe su igiya ce. Manomi yana shuka dawa da sandar da suke kira saluka, maƙeri kuwa aikinsa bai wuce lauje da gatari da wuƙa da linzami ba. Mutanenmu ba baƙi ba ne a wannan ƙasa, gama hanyar Hajji ta ƙafa ta daɗe tana zubo Takari, watau alhazan da suka fito daga ƙasashenmu, a cikinta, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har ya zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sannar. Da yawa daga cikin alhazai sukan yada zango su yi ƙodago na shekara ɗaya ko biyu don neman guzuri, sai zama ya miƙe, a haifi 'ya'ya da jikoki, shi ya sa har gobe Hausa tana da kasuwa a Gadarif. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1928, amma bai taɓa yadda ake ɗauko amfani daga gona ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Wajen 1944 da 1945, sa'ad da hukumar Ingilishi ta matsu da neman abincin da za ta ciyar da sojojinta na gabashin Afirka, sai ta kawo taraktoci ta buɗe gonakin dawa a Gadambaliya, yamma da Gadarif, noman da ya dogara ga ruwan sama kaɗai. Daga baya fatake da attajirai suka karɓi sha'anin, a 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, ana yanka wa mutum guda fadan 1,000 ko 1,500, alhali fadan ɗaya ya ɗara eka da kaɗan. Mutanen wurin suna kiran tarakta babur, abin da yakan ba Bahaushen Kano mamaki ran da ya fara ji. To, gonar da ta kai wannan faɗi, wadda kuma take nesa da rijiya da kasuwa, ba ta nomuwa sai an kai mata iri da gangunan man gas da ruwan sha da garin tuwon 'yan ƙodago. Kuma riɗi, wanda shi ne dukiyar ƙasar bayan dawa, in ya nuna ba ya jiran kowa, domin in aka yi jinkirin 'yan kwanaki sai kwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa, saboda haka tilas a kwaso masu yanka da yawa a lokaci guda. Wannan larura ce ta haifi tirela a Gadarif.

Ita tarakta ba ta kawo mas'ala ba, domin tun daga masana'anta takan zo da sandar ja mai huda, wadda aka ɗora ƙasa da gatarin tayoyin baya da gangan, don kada nauyi ya ɗaga gabanta ta kifa ta baya kan direba. A zura bakin tirela, a saka ƙusa mai kauri, shi ke nan. Mas'alar ta taso ne da zuwan a-kori-kura, wadda Sudaniyawa ke kira boksi, musamman ƙirar Toyota Hilux da aka fara yi a Japan a 1968. Mai gona ya ga tana da sauri da sauƙin mai, ya so ta ja masa tankin ruwa ko inji ko 'yar tirelar buhuna, amma sau da yawa babu ƙugiya a bayanta sai bamba, wadda ba a yi ta don ja ba. Sai ya nufi unguwar masu sana'a, wurin jikokin maƙeran nan na lauje, waɗanda a lokacin sun ajiye zugazugi sun ɗauki injin walda. Kada a raina iliminsu. Tsaransu ne a Shandi da Al-Ubayyid suka riƙa kwance babbar motar Bedford suna ƙarfafa ƙashin bayanta har ta ɗauki fiye da abin da maƙeranta na Ingila suka ƙaddara mata, suka raɗa mata suna Sifinja, aikin da wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi shekaru yana nazari.

A nan ne masu sana'a suka kasu mazhaba biyu. Masu walda suna da hujja mai ƙarfi: aikin sa'a guda ne, ba ya bukatar abin da babu a kasuwa, guntun ƙarfen tsohuwar garma da sandunan walda sun wadatar, kuma abin da aka narkar ya zama jiki ɗaya da mota ba ya kwancewa a kan gargada, ɓarawo ma ba ya cire shi da dare. A ƙasar da noti nagari yakan yi wuyar samu, wanda ake samu kuma sau da yawa na jabu ne mai laushi kamar dalma, wannan magana ba abin yarwa ba ce. Amma masu noti suna duban abin da ido ba ya gani. Shasin mota, watau dogayen ƙarafan nan biyu da dukan jiki ya hau kansu, an yi shi ne ya riƙa lanƙwasa kaɗan yana komawa duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Zafin walda kuwa yakan sake ɗabi'ar ƙarfen da ke gefen ɗinkin, wurin ya ƙage ya daina bayarwa, sa'an nan duk girgizar hanya ta taru a kansa. Ba ran da aka yi aikin yake nuna aibinsa ba. Tsaga ce siririya kamar gashi take somawa a gefen waldar, musamman in an ja ta a gicciye bisa leɓen shasin, laka ta rufe ta, tsatsa ta ci ta a ɓoye, har ran da tirela ta kafe a taɓo direba ya fizga da ƙarfi. Ga kuma haɗarin ranar aikin kanta, tankin mai yana kusa, wayoyin wuta suna bin jikin shasin, shi ya sa gwani ba ya kunna injin walda sai ya cire kan batir.

Ni dai, in za a karɓi ra'ayina, na fi karkata ga abin da ƙwararru suka daidaita a kai, wanda ya ba kowane ɓangare haƙƙinsa: a haɗa ƙugiyar da gindinta da walda a ƙasa, a kan benci, inda mai aiki yake ganin ɗinkinsa ciki da waje, sa'an nan a ɗaure ta ga shasin ta ɓangarorin biyu da noti, a cikin hudojin da masana'anta ta bari, in kuwa dole sai an huda, to a huda gefen ƙarfen, a bar leɓensa na sama da na ƙasa. Notin ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, da faranti mai kauri a baya don kada ya yage ƙarfen, da sarƙa biyu na ko-ta-kwana, kuma a ɗora kaya yadda kimanin ushirin nauyin tirelar zai sauka kan ƙugiya, domin wadda bayanta ya fi nauyi takan yi ta lilo har ta ja motar zuwa rami. Fa'idar noti ita ce yana karɓar tambaya: a sa sifana a ji ko ya saki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun hukunta cewa masu sana'a suna lamunin abin da aka danƙa musu in ya ɓaci a hannunsu, suka ce maslahar jama'a ce ta wajabta haka. In haka ne game da tufar da aka kai wa maɗinki, ina ga ƙarfen da rayuka ke rataye da shi?

Na ce rayuka, domin a Ummu Rakuba tirela ta ɗauki mutane kamar yadda ta ɗauki buhu. Tun shekarun 1970 aka zaunar da 'yan gudun hijirar Habasha a nan, suka zama hannun da manyan gonaki ke nema lokacin cirar ciyawa da yankan riɗi. A yunwar 1984 wurin ya cika ya batse, cikinsu har da Yahudawan Habasha, waɗanda da yawansu suka mutu a nan kafin a kwashe sauran ta Hartum zuwa Isra'ila. An rufe sansanin a 2000, aka sake buɗe shi a watan Nuwamba na 2020, sa'ad da yaƙin Tigrai ya koro fiye da mutum 50,000 zuwa Sudan. Da ruwan shekarar da ta biyo ya sauka, hanyar shiga ta koma yadda take tun zamanin saluka, manyan motoci suka riƙa kafewa, aka koma ga babur da tirelarsa, da boksi mai jan tankin ruwa a baya. Irin waɗannan tireloli ne har yau ke fita da asuba a watan Oktoba, maza da mata a tsaye suna dafe da kafaɗun juna, laujensu a hannu, duka rayukansu suna rataye da ƙusa guda mai kaurin babban yatsa, wadda in ta ɓata a gona akan maye gurbinta da guntun rodin gini.