Baka Mai Wili: Yadda Neman Gudun Kibiya Ya Sauya Harbi a Amurka

Duk wanda ya shiga kantin kayan farauta a Amurka, abin da zai fara cin karo da shi a jikin kowane baka shi ne 'yar takarda mai lamba: 330, 342, 350. Yawan ƙafar da kibiya ke ci a daƙiƙa ɗaya ke nan. A kan wannan lamba kamfanoni ke kokawa, da ita kuma matasan maharba ke cika baki. Bakan kansa bai yi kama da wanda kakanni suka sani ba. Gajere ne, gangar jikinsa ta alminiyum, da wili a kowane ƙarshe, ga igiyoyi sun sarƙe a bayan tsirkiya. Kimanin shekara sittin ke nan da ƙirƙiro shi, kuma haushin barewa ne ya haife shi.

Kafin a zo kansa, sai da Amurkawa suka sake koyon farauta da baka, domin bindiga ta daɗe da kore shi. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga daji kusa da garin Oroville a Kalifoniya. Aka kai shi San Francisco, inda ya shaƙu da wani likitan tiyata, Saxton Pope. Ishi ya koya masa sassaƙa baka da yadda ake sanɗar dabba har a zo dab da ita. Tarin fuka ya kashe Ishi a 1916, amma Pope da abokinsa Art Young suka ci gaba, har Pope ya fitar da littafi a kan farauta da baka a 1923. A 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacin farautar barewa nasu na daban, sauran jihohi suka bi sahu. Fred Bear na Michigan ya mayar da abin sana'a, yana ƙera bakuna yana ɗaukar finafinan farauta.

Sai dai barewa mai farar wutsiya ba kanwar lasa ba ce. Da ta ji ƙarar tsirkiya sai ta durƙusa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta. Wannan ne ya ishi Holless Wilbur Allen, wani mafarauci a jihar Missouri. Ya ɗauki baka na yau da kullum, ya sa zarto ya datse ƙarshensa biyu, ya ɗaura wili. Ya yi ta gwaji har ya gano cewa sirrin yana ga wilin da ba a huda shi a tsakiya ba. A watan Yunin 1966 ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira, aka ba shi a Disambar 1969.

Gudu Allen ya nema, ya kuma samu, amma abin da ya zo tare da gudun ya fi shi daraja. Bakan gargajiya, yadda ka ƙara jan tsirkiya haka yake ƙara tauri, har ya zama lokacin da kake son saiti shi ne lokacin da hannu ya fi rawa. A bakan Allen abin ya juya. Nauyin yana kai ƙololuwa tun ana tsakiyar ja, da wilin ya kifa kuma sai ya faɗi, kamar mai tura amalanke da ya gama haye tudu ya shiga gangara. A bakunan yanzu ragin kan kai kashi 80 cikin ɗari, wani lokaci ya haura. Mutumin da ya ja laba 70, kusan kilo 32, abin da zai riƙe a ƙarshe bai wuce laba 14 ba. Yana iya tsayawa a haka yana jiran dabba ta fito daga bayan itace. Kuma saboda an ɗora nauyin tun da wuri, ƙarfin da baka ke tarawa ya fi na gargajiya mai nauyi ɗaya da shi.

Manyan kamfanoni suka yi wa Allen kunnen uwar shegu. Wanda ya gane abin shi ne Tom Jennings, wani maƙerin baka a Kalifoniya mai rubutu a mujallar maharba. Ya gwada shi a 1967, ya yaba, ya karɓi lasisi ya fara ƙerawa. Na farkon suna da wili huɗu da igiyoyin ƙarfe, ga nauyi ga muni, tsofaffin maharba suna cewa wannan inji ne ba baka ba. Sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin jihohi da ƙungiyoyin gasa su amince da shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 mai wili biyu ya mamaye kasuwa. Allen bai daɗe yana cin gajiyar abin ba, ya rasu a haɗarin mota a 1979. Fred Bear kuwa, kamfaninsa ya sayar da bakuna masu wili ba iyaka, amma shi ya tsaya a kan na gargajiya, don ya saba da ja da saki nan take ba tare da saiti ba. Ita ma ƙungiyar Pope and Young, mai ajiye kundin manyan dabbobin da aka kashe da baka tun 1961, ta yi shekaru ba ta shigar da dabbar da aka harba da bakan da raginsa ya wuce kashi 65.

Shekarun 1980 su ne na haukan gudu. Fim ɗin Rambo na 1985 ya nuna wa duniya bakan, matasa suka yi caa. Maharba suka riƙa ja da laba 80, suna ɗaura wani ƙarfe da ke ba su damar harba gajeriyar kibiya marar nauyi. An samu gudun, an kuma samu ƙara da karyewar kaya da ciwon kafaɗa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfin da baka ya tara dole ya tafi wani wuri, in kibiya ta yi sauƙi ba za ta kwashe shi duka ba, ragowar sai ta koma cikin bakan. Shi ya sa sakin tsirkiya ba kibiya yake iya tarwatsa baka a hannun mai shi, shi ya sa kuma kamfanoni suka sa iyakar ƙarancin nauyin kibiya.

Gyara ya zo sannu a hankali: kibau na kabon, tsirkiyar zaren roba marar miƙewa, sai bakan Matt McPherson na kamfanin Mathews a 1992, mai karkataccen wili ɗaya tak, wanda ya rage wahalar daidaita wili biyu. A 2014 kamfanin PSE na Arizona ya fitar da Full Throttle, da aka rubuta wa ƙafa 370 a daƙiƙa. Daga nan lambar ta tsaya cik. Yawancin manyan bakunan farauta na yau suna tsakanin 330 da 350, kamfanoni kuma sun koma tallan laushin ja da rashin ƙara.

Lambar ma a yi hattara da ita. Ana auna ta ne da baka mai laba 70, da ja mai tsawon inci 30, da kibiya mai kimanin giram 23, tsirkiya kuma ba a ɗaura mata komai ba. Tsohon ma'auni na da, mai laba 60 da kibiya mai giram 35, ya fi kusa da abin da mafarauci ke ɗauka, amma lambarsa ba ta da daɗin talla, sai aka yi watsi da shi. Maza da yawa jansu bai kai inci 30 ba, kuma kowane inci ɗaya da ya ragu yana cin kimanin ƙafa 10. A rage nauyin ja, a sa kibiyar farauta mai kauri, a ɗaura wa tsirkiya zoben leƙe da madauki, sai ka ga bakan da aka saya da sunan 340 yana harba 280.

Barewar da ta dami Allen fa? Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, kibiya mafi gudu ba ta kai sulusin haka ba. A tazarar mita 20, ƙarar tsirkiya na isa kunnen dabba cikin kashi 6 cikin ɗari na daƙiƙa. Kibiya mai cin mita 85 tana buƙatar kashi 24, mai cin mita 100 kuma kashi 20. Duk kuɗin da aka zuba don ƙarin gudu, kashi 4 cikin ɗari na daƙiƙa ya saya. Bakan da bai da ƙara ya fi wannan amfani. Ga kuma maganar nauyin kibiya. Maharbin ƙasar Hausa ya dogara ne da dafin kwankwani, ko ƙuje aka yi wa dabba ya isa. A galibin jihohin Amurka dafi haramun ne, kaifin bakin kibiya ne ke kisa, don haka dole ta ratsa huhu, kuma kibiya mai nauyi ta fi ratsa ƙashi.

Ba a ce gudu banza ne ba. Kibiya mai gudu ba ta saurin sunkuyowa, saboda haka wanda ya yi kuskuren ƙiyasta tazara da 'yan mitoci yana iya dacewa. Masu farauta a filayen yammacin Amurka da masu gasar harbin gumakan dabbobi, inda ba a faɗin nisa, suna da hujjarsu. Amma na'urar auna tazara ta leza ta rage wannan buƙata. Farashin gudu kuma sananne ne: wili mai tsauri da ke gajiyar da kafaɗa, da tsirkiya kusa da mariƙi, wadda ke sa kibiya ta daɗe a jikinta har ƙaramar rawar hannu ta fito fili.

Masu gasa sun daɗe da yanke nasu hukuncin. An shigar da baka mai wili gasar duniya a Jakarta a 1995. A yau ana harbi daga mita 50, zoben maki goma faɗinsa santimita 8, doka kuma ta hana wuce laba 60. Tazara sananniya ce, don haka ba mai damuwa da gudu. Suna zaɓen baka mai tsawo da nauyi, suna ma rage ragin nauyin da gangan don hannu ya sami abin dannewa. Gwanayensu kan haura maki 710 cikin 720 a kibiya 72. Matt Stutzman, Ba'amurken da aka haifa ba hannuwa, da ƙafa yake riƙe irin wannan baka, ya kuma ci zinare a gasar nakasassu ta Paris a 2024. A watan Afrilun 2025 kwamitin Olamfik ya amince a saka baka mai wili a wasannin Los Angeles na 2028, a rukunin namiji da mace.

Mai niyyar saye ya fara da auna tsawon jansa. Sannan ya zauna a kujera ya ja bakan a hankali ba tare da ɗaga shi sama ba. In ya kasa, bakan ya fi ƙarfinsa, ko nawa aka rubuta a takardar.