Gazetteer of Sokoto Province

Gazetteer of Sokoto Province littafi ne na Turanci wanda E. J. Arnett, Razdan na Lardin Sakkwato, ya tattara, aka buga shi a Landan a shekarar 1920. Yana cikin jerin kundayen da gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka rubuta wa lardunan Arewacin Najeriya, masu ƙunshe da tarihin masarautu, jerin sarakuna da tsarin mulki.

A wancan lokacin Gusau, Tsafe da Bungudu gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Saboda haka mai neman tarihinsu a takardun Turawa, a ƙarƙashin sunan Sakkwato zai duba, kuma Tsafe "Chafe" suke rubuta ta.

An shirya littafin ne domin amfanin jami'an mulki, don haka ya fi karkata ga labarin gidajen sarauta fiye da na talakawa. Masu bincike kan gwada shi da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da littafin Kurt Krieger kan tarihin Zamfara na 1959.

Kamfanin Frank Cass ya sake buga shi a 1972, haɗe da kundayen Bauchi, Zariya da Kano.