Labulen Harsasai: Yadda Japanawa Suka Sa Kwalliya Ta Yi Wa Wasa Hidima

A shekarar 1993 kamfanin Toaplan na ƙasar Japan ya fitar da Batsugun, wasan jirgin yaƙi da ake bugawa a injinan da ake jefa wa sulalla. Shekara guda bayan haka kamfanin ya durƙushe, amma masana tarihin wasannin bidiyo kan ɗauki wannan wasa a matsayin mafarin salon da Japanawa ke kira danmaku, wato labulen harsasai. A wannan salo, babban dodon da ke jiran ɗan wasa a ƙarshen kowane mataki yakan cika allo da ɗaruruwan harsasai a lokaci guda.

Matsalar da ta fuskanci masu tsara waɗannan wasanni ta kuɗi ce. Wanda ya jefa sulallansa, aka kashe shi da harsashin da bai gani ba, zai ga an cuce shi ya kama gabansa. Wanda kuwa ya ga harsashin sarai ya kasa kauce masa, zai zargi hannunsa ya sake jefa wani sulalla. Saboda haka dole ne allo ya razana mai kallo, amma ya kasance mai karantuwa ga mai wasa.

Tsuneki Ikeda, wanda ya yi aiki a Batsugun, ya koma kamfanin Cave da aka kafa a 1994. A DonPachi na 1995, da musamman DoDonPachi na 1997, Cave ya daidaita dabarun da suka zama ƙa'ida. An yawaita harsasai, aka rage musu gudu. Aka ƙanƙanta makasar jirgi, wato gurbin da in harsashi ya taɓa ake mutuwa, har ta zama ɗan ɗigo a tsakiyarsa, ta yadda harsashi zai ratsa fiffike ba tare da lahani ba. Daga baya Cave ya shahara da harsasai masu launin hoda da shuɗi, waɗanda ba sa sajewa da wutar fashewa ko da shimfiɗar da ke bayansu.

Battle Garegga na kamfanin Raizing, wanda ya fito a 1996, ya nuna illar fifita kamannin gaske. Harsasansa sirara ne masu kama da na ainihi, sukan ɓace cikin tarkace da hayaƙi. Duk da martabar wasan, sai da aka sanya zaɓin sauya su zuwa masu saurin ganuwa a bugun Sega Saturn na 1998.

Mataki na gaba ya zo daga hannun mutum ɗaya, ZUN, mai jerin Touhou. A 2002 ya shigo da tsarin da kowane farmakin dodo ke da sunansa, da siffarsa, da wa'adinsa. Harsasai suka zama furanni da taurari, amma kowace siffa tana da kafar da mai lura zai bi ya tsira. A 2003 ya ƙara da nuna makasar ɗan wasa a fili duk lokacin da ya rage gudu.

Da manhajoji irin su Danmakufu da BulletML suka ba masu sha'awa damar rubuta nasu dodannin, tsohuwar matsalar ta dawo. Sabon marubuci yakan fara da walƙiya da launuka, ya manta da tambayoyin da Cave ya amsa tun 1997: ina harsashin zai fito, an yi wa ɗan wasa gargaɗi kafin ya fito, kuma akwai hanyar wucewa? A wannan fage, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai in wanda aka kashe ya san abin da ya kashe shi, ya kuma ga inda zai bi a karo na gaba.